Yaƙin Zabuwa da Yadda Gafara Ta Komo Ƙasar Yendi

Wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffi suna ba da labarin fataucin Gwanja ba zai rasa jin sunan Yendi ba. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa, da tufafi, da jemammun fatu, ya yi wata biyu ko uku a hanya. In ya haye Kwara ya ratsa ƙasar Borgu, sai ya yada zango a Yendi kafin ya gangara Salaga inda ake sayen goro. Jikokin waɗannan fatake suna nan har wa yau a zangon garin, ana kuwa jin Hausa a kasuwa. Yendi tana arewa maso gabashin Ghana, kimanin kilomita 100 gabas da Tamale. Nan ne mazaunin Ya Na, babban sarkin Dagomba, ƙasarsa kuwa ana ce da ita Dagbon.

A shekara ta 1994 aka yi yaƙi a wannan yanki wanda Ghana ba ta taɓa ganin irinsa ba tun da ta sami mulkin kai a 1957. Mutane suna kiransa Yaƙin Zabuwa, gama daga cinikin zabuwa ya tashi, a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, a ƙarshen watan Janairu. Wani mutumin Konkomba da wani mutumin Nanumba suka yi gardama a kan zabuwa, gardama ta zama dambe, dambe ya kai ga zub da jini. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama daga Bimbilla zuwa kewayen Yendi, da Salaga, da Gushegu. Konkomba suna gefe ɗaya, Nanumba da Dagomba da Gwanja suna ɗaya gefen. Aka ƙone ƙauyuka fiye da 400. Mutum fiye da 150,000 suka rasa matsuguni. Waɗanda aka kashe, lissafi mafi ƙanƙanta ya ce 2,000 ne, wasu kuwa suna cewa sun fi haka nesa. Duniya ba ta ji labarin sosai ba, domin a watan Afrilu na wannan shekara aka fara kisan ƙare dangi a Ruwanda, hankalin kowa ya koma can.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu na arewacin Nijeriya, wanda ya tuna an ce rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 a kan nama ya tashi, na Zangon Kataf na 1992 kuma a kan sauya wa kasuwa wuri, ya riga ya sani ba a kashe dubban mutane saboda tsuntsuwa guda. Akwai tsohon bashi a ƙasa. Ba kuwa za a gane nauyin gafarar da aka yi daga baya ba sai an san girman bashin nan.

Dā can babban birnin Dagomba yana yamma ne. Da mayaƙan Gwanja suka matsa musu, wajen shekara ta 1700, sai suka kawo gadon sarautarsu gabas, cikin ƙasar da Konkomba suke zaune. Wasu Konkomba suka janye zuwa bakin kogin Oti, inda garinsu Saboba yake, wasu suka tsaya. Kabilun biyu sun bambanta ƙwarai. Dagomba suna da sarakuna hawa hawa, waɗanda ake ɗorawa bisa fatu a maimakon karaga, suna da dawakin yaƙi, da makaɗa masu riƙe da sunayen sarakuna kaka da kakanni, Musulunci kuma ya shiga fadarsu tun zamanin Naa Zangina. Konkomba kuwa manoma ne, ba su da sarki guda. Kowane dangi yana da dattijonsa da mai kula da tsafin ƙasa. A idon mai sarauta, mutanen da ba su da sarki ba mutane ba ne cikakku. Wannan raini shi ne saiwar abin.

Sa'an nan ga bauta. Daga ƙarni na 18 har zuwa 1874, Dagbon tana biyan Asante gandu kowace shekara, cikin gandun kuwa har da bayi. Ba 'ya'yansu Dagomba suke bayarwa ba, hari suke kai wa kabilun da ba su da sarakuna, Konkomba suna cikinsu. A Salaga ana sayar da mutane kusa da inda ake sayar da goro, fatake Hausawa kuma suna cikin masu saye, wannan bai kamata a ɓoye shi ba. Babatu ma, jarumin Zabarmawa wanda ya addabi ƙasar Gurunsi da farautar bayi, a Yendi ya ƙare kwanakinsa a 1907, kabarinsa yana nan ana zuwa gani.

Turawa da suka zo ba su warware ƙullin ba, ƙara ɗaure shi suka yi. Jamus suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo a watan Disamba na 1896, suka ƙone Yendi. A 1899 aka raba Dagbon biyu, Yendi a hannun Jamus, Tamale a hannun Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta haɗa ƙasar, daga baya ta kawo irin mulkin En'e da ta gwada a arewacin Nijeriya, wato a yi mulki ta hannun sarakuna. Da yake Konkomba ba su da sarkin da za a ba sanda, sai aka sa su ƙarƙashin Ya Na. Shari'arsu a gaban hakimin Dagomba ake yi, da kuɗin shari'a da gaisuwa. A waɗannan shekaru ne kuma Konkomba masu yawa suka gangara kudu neman ƙasar doya, suka zauna a ƙasar Nanumba da ta Gwanja wajen Salaga da Kpandai. Suka yi noma, suka yi yawa, suka yi arziki, amma sunansu bai sake ba. Baƙi ake ce da su, ko da kakan mutum a wurin aka binne shi.

A tsakiyar wannan hali bishara ta shigo. 'Yan mishan na Basel suka buɗe tasha a Yendi a 1913, amma yaƙi ya kore su a 1916. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na ikkilisiyar Assemblies of God, suka ƙetaro daga Wagadugu suka zauna a Yendi, Ya Na na lokacin ne kuwa ya karɓe su. Ya kamata masu bi su riƙa tunawa da wannan alheri na fadar Dagomba. Dagomba kaɗan ne suka karɓi bishara. Inda iri ya fi kamawa shi ne wurin Konkomba da sauran kabilun da aka raina. Aka buɗe asibiti a Saboba, Katolika suka zo da makarantu, Mary Steele ta fara aikin harshen Konkomba a 1962, Sabon Alkawari kuma ya fito cikin harshen a 1977. A wannan shekara ce samarin da suka yi karatu suka kafa ƙungiyar matasan Konkomba wadda ake kira KOYA. Yaron da ya karanta da harshen uwarsa cewa cikin siffar Allah aka halicce shi, ba zai daɗe yana yarda a kira shi bawa ko baƙo ba. Saboda haka ba za a ce ikkilisiya 'yar kallo ce a wannan tarihi ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Tsarin mulki na 1979 ya mai da filayen arewa hannun sarakunan gargajiya, wanda ba shi da sarki kuwa ya tashi ba fili. A 1981 Konkomba da Nanumba suka yi yaƙi a Bimbilla. A 1991 da 1992 Gwanja da Nawuri suka gwabza a Kpandai. A 1993 shugabannin Konkomba suka rubuta wa majalisar sarakunan ƙasa suna neman a ba su babban sarki nasu a Saboba, ba su bi ta hannun Ya Na Yakubu Andani II ba. Fada ta ɗauki wannan a kan cin fuska da neman ɓalle ƙasa, wasu manyan Dagomba suka ce ai Konkomba daga Togo suka zo. Kafin shekara ta ƙare jita-jita ta cika gari, kowa yana sayen bindiga da harsashi. Zabuwar Nakpayili ta tarar da ciyawa a bushe.

Babu gefen da ya fita daga yaƙin da hannu mai tsabta. An kashe tsofaffi da yara a ƙauyukan Dagomba da Nanumba da Gwanja, an kashe su a ƙauyukan Konkomba. Konkomba da suke zaune a Tamale, ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa, aka kore su, aka lalata gidajensu. Manoman Dagomba suka gudo cikin Yendi da Tamale ba kome a hannu. Yaƙin ba na addini ba ne, gama Konkomba da yawa a lokacin addinin gargajiya suke bi, akwai Musulmi a cikinsu, akwai kuma Kirista a cikin Dagomba. Duk da haka aka zargi ikkilisiyoyi da goyon bayan Konkomba, tun da su ne suka fi yawa a majami'un karkara. Gaskiya mai ɗaci kuma ita ce, cikin masu ɗaukar baka da bindiga akwai waɗanda aka yi wa baftisma. Ikkilisiya guda, wadda take da makarantar Littafi Mai Tsarki a Kumbungu cikin ƙasar Dagomba da asibiti a Saboba cikin ƙasar Konkomba, ta wayi gari 'ya'yanta suna gefe biyu na fagen fama.

Gwamnatin Shugaba Rawlings ta kafa dokar ta ɓaci ran 10 ga Fabrairu, ta tura soja, ta naɗa kwamitin sulhu. Ran 9 ga Yuni 1994 aka sa hannu a takardar tsagaita wuta. A watan Disamba aka yi bikin sulhu tsakanin Dagomba da Konkomba a Yendi, da jawabai da yanka. Wannan duka yana da amfaninsa, don ya tsai da bindiga. Amma yawancin aikin kwamitin ganawa ce da kowane gefe shi kaɗai, kowa ya zo ya lissafa laifin ɗaya ya tafi. A watan Maris na 1995 faɗa ya sāke ɓarkewa wajen Bimbilla, aka rasa rayuka fiye da ɗari.

Ƙungiyoyin agaji da suke aiki a yankin, irin su Oxfam, da ActionAid, da World Vision, da hukumomin taimako na Katolika da na Assemblies of God, suka ga rijiyoyi da makarantun da suka yi shekaru suna ginawa sun zama toka. Suka gane raba masara da barguna ba zai ƙare ba muddin ba a taɓa zukata ba. Sai suka haɗa kai suka gayyato wata ƙaramar ƙungiyar sulhu daga Nairobi ta ƙasar Kenya. Shugabanta a lokacin Hizkias Assefa ne, mutumin Habasha. Tare da shi akwai Emmanuel Bombande, Bakatolike ɗan Ghana, wanda ya yi aiki da ƙungiyar ɗalibai Kirista a Nairobi. Shi mutumin yankin Bawku ne, inda Kusasi da Mamprusi suka daɗe suna ja-in-ja a kan sarauta, saboda haka ba baƙo ba ne ga irin wannan ciwo.

Ba daga manya suka fara ba. Suka shiga ƙauyukan da aka ƙone da sansanonin 'yan gudun hijira, suka zauna suna sauraro. A kowane taro suna lura da wanda, ko da yake shi ma ya yi hasara, bai bar fushi ya rufe masa ido ba, wanda zai iya cewa mutanenmu ma sun yi laifi. Irin waɗannan mutane, malaman makaranta, da dattawa, da shugabannin matasa, da limamai, da fastoci, su aka fara kai wa Kumasi a watan Mayu na 1995, nesa da fagen yaƙi. Daga baya aka riƙa ƙara da sarakuna da masu zafin ra'ayi. An yi irin wannan taro sau da dama. Abin da masu sulhun suka nace a kai shi ne, bayan kowa ya faɗi abin da aka yi masa, sai kuma ya faɗi abin da mutanensa suka yi. Wannan tambaya ta biyu ita ce ba wanda ya taɓa yi musu.

Akwai abin da ya faru a ɗaya daga cikin zaman farko, wanda Assefa da Bombande suka ba da labarinsa, John Paul Lederach, malamin sulhu na ikkilisiyar Menonait a Amurka, ya kuma rubuta shi cikin littafin da ya buga a 2005. Wani babban basarake na Dagomba ya iso da cikakkiyar shigar sarauta da fadawansa. Ya duba ɗaya gefen, ya ga babu sarki, mai magana da yawun Konkomba kuma saurayi ne. Da aka ba shi dama, bai ko dubi Konkomba ba, masu sulhu ya fuskanta. Ya ce bai ga da wa zai yi magana ba, mutanen nan ba su da sarki, jiya suka fito daga daji, sun kawo masa yaro haihuwar jiya. Ɗaki ya yi tsit. Masu sulhun suka ɗauka taro ya watse tun bai fara ba, gama irin wannan magana ce ta jawo yaƙin tun asali.

Saurayin ya nemi izini ya yi magana. Da ya buɗe baki, sai ya kira basaraken Baba. Ya ce gaskiya ne, ba su da sarki, kuma ba a ɗauke su a bakin kome ba. Ya ce dalilin da ya sa mutanensa suka ɗauki makami ke nan, domin an hana su ko wurin da za su tsaya su yi magana a ji su. Ya ce yana kiransa Baba ne domin ba ya so ya raina shi, shi babban sarki ne. Sa'an nan ya tambaye shi, ashe ba wata hanya da ta rage musu ta samun mutunci sai ta zub da jini?

Basaraken ya yi shiru na ɗan lokaci. Da ya sāke magana, muryarsa ta sauya, kuma saurayin yake fuskanta. Ya ce ya zo ne da niyyar nuna wa Konkomba matsayinsu, amma yanzu kunya ce ta rufe shi, domin ya zagi mutanen yaron, yaron kuwa ya kira shi uba. Ya yarda cewa su masu sarauta sun daɗe suna raina su ba tare da sanin abin da suke sha ba. Ya kira shi ɗansa, ya roƙe shi ya gafarta masa. Saurayin ya tashi, ya je gabansa, ya durƙusa, ya kama ƙafarsa, yadda ake yi wa babba a al'adar ƙasar, ya amsa da kalmar da ake amsa wa sarki.

Wannan bai ƙare rikicin ba, an yi wata da watanni ana gardama bayan haka. Amma waɗanda suke wurin sun ce daga ranar iskar ɗakin ta sauya.

Ya kamata a lura da yadda abubuwan suka jeru. A lissafin duniya, mai laifi ne zai fara ba da haƙuri, sa'an nan wanda aka cuta ya duba ko zai yafe. A Kumasi wanda aka zaga ne ya riga, ya ƙi rama zagin, ya ba mai zaginsa girman da bai nema da ladabi ba, tuban kuwa daga baya ya biyo. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai gane wannan jeri. Manzo Bulus ya nuna wa Romawa a sura 5 cewa Almasihu bai jira mutane su gyara halinsu kafin ya mutu dominsu ba, a sura 2 kuma ya ce alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba. Yesu bisa gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara tun ba wanda ya nema. A ɗakin nan akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu bin addinin kakanni, ba kuwa dalilin da zai sa ikkilisiya ta yi fahariya kamar abin nata ne ita kaɗai. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne ta tambayi kanta me ya sa ba a majami'unta aka fara ganin haka ba. Hausawa ma sun san abin, tun da suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Akwai kuma abu na biyu, wanda masu wa'azi sukan tsallake. Saurayin bai janye ƙararsa ba. Cikin numfashin da ya ce Baba, cikinsa ya ce an hana mutanensa mutunci. Sau da yawa in an yi wa'azin gafara, abin da talaka yake ji shi ne, yi shiru, a bar maganar, kada a tada zaune tsaye. Irin wannan koyarwa mai ƙarfi take yi wa daɗi, ba kuwa ita ce ta Littafi Mai Tsarki ba. Yusufu, a Farawa sura 50, ya faɗa wa 'yan'uwansa a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, sa'an nan ya ɗauki nauyin ciyar da su da 'ya'yansu. Misalin bawan da aka yafe wa talanti dubu goma a Matiyu sura 18 ma, da lissafi ya fara, sai da aka faɗi adadin bashin kafin aka yafe shi. Da saurayin ya yi shiru don ladabi, da basaraken ya koma gida da raininsa. Da kuma ya rama, da kowa ya koma ga bindigarsa.

Ran 30 ga Maris 1996 wakilan kabilu bakwai, wato Dagomba, Konkomba, Nanumba, Gwanja, Nawuri, Nchumuru da Basare, suka sa hannu a Yarjejeniyar Kumasi. Ba wanda ya sami dukan abin da ya nema. Konkomba suka yarda cewa ƙasar Dagbon tana hannun Ya Na, amma a matsayin amana domin dukan 'yan ƙasar, ba domin kabila guda ba. Dagomba kuma suka yarda cewa Konkomba 'yan ƙasa ne a Dagbon, aka kuma ɗaukaka sarautar Saboba. A ƙasar Nanumba aka amince Nanumba ne masu ƙasa, Konkomba kuma 'yan'uwa ne da za a zauna tare da su. Aka kafa ƙungiyar matasa guda ta dukan kabilun, mai suna NORYDA, don ta riƙa kashe wuta tun tana ƙarama. A cikin shekarar aka yi bukukuwan sulhu a Salaga da Bimbilla. Bombande kuwa, tare da Sam Doe na Laberiya, suka kafa ƙungiyar WANEP a 1998, wadda ta kai irin wannan aiki ƙasashen Afirka ta Yamma.

Mai gaskiya ba zai ɓoye abin da yarjejeniyar ta bari ba. Ba ta kafa kotu ba, yawancin waɗanda suka kashe mutane kuwa ba a taɓa gurfanar da su gaban alƙali ba. Matar da aka kashe mijinta da 'ya'yanta tana iya tambaya, wa ya aiki waɗannan maza su je Kumasi su yafe jinin da ba nasu ba? Tambayar tana da ƙarfi. Wakili yana iya ajiye makami a madadin jama'arsa, amma ba ya iya gafartawa a madadin gwauruwa. Wannan sai ita da Allahnta, kuma yakan ɗauki shekaru, wani lokaci har mutuwa. Aikin da ya fi wa wakilan wuya shi ne komawa gida su tsaya gaban irin waɗannan mutane su yi bayani. An yi shekaru mutumin Konkomba yana jin tsoron kwana a Yendi ko Tamale. Sannu a hankali aka fara haɗuwa a kasuwa, da mota, da asibiti, doya ta sāke bin hanyarta zuwa kudu.

Jarrabawa ta gaba daga cikin gida ta fito. Gidan sarautar Dagbon ya daɗe da rabuwa biyu, Abudu da Andani, zuriyar 'ya'ya biyu na sarki guda, Ya Na Yakubu na ɗaya. Ran 27 ga Maris 2002, bayan kwana uku ana harbe-harbe a Yendi, aka kashe Ya Na Yakubu Andani II a fadarsa ta Gbewaa tare da mutum wajen 30 ko fiye. Sarkin da aka yi sulhu da Konkomba a zamaninsa, a rikicin danginsa ya mutu. Sai a watan Afrilu na 2006 aka binne shi. Mutum 15 da aka gurfanar, kotu ta sallame su a 2011.

A wannan karo gidajen biyu Musulmi ne, ikkilisiya ba ta da ɗa a cikin gardamar. Sai wannan ya zama mata ƙofa. An kafa dayosis na Katolika a Yendi a 1999, bishop na fari kuwa Vincent Sowah Boi-Nai ne, mutumin Ankara daga bakin teku, wanda ba Abudu ba ne ba kuma Andani ba. Ya buɗe cibiyar salama a garin, ya yi shekaru yana tara matasa da mata da dattawa na gidajen biyu su zauna ɗaki ɗaya, a lokacin da ko gaisawa ba sa yi. Ikkilisiyar da aka zarga da ɗaukar gefe a 1994 ta zama wurin da kowane gefe yake iya shiga. Babban sulhun dai sarakuna uku ne suka ɗauki nauyinsa, Asantehene Otumfuo Osei Tutu II, da Nayiri na Mamprusi, da Yagbonwura na Gwanja. A Disamba 2018 aka yi makokin Ya Na Mahamadu Abdulai IV na gidan Abudu, wanda ya rasu tun 1988, a Janairu 2019 aka yi na Yakubu Andani II, a cikin watan kuma aka ɗora Ya Na Abukari Mahama II bisa fatu, bayan kusan shekara 17 ba sarki.

Ana cikin shirin waɗannan makoki, a watan Nuwamba na 2018, aka sami saɓani a ƙauyen Nakpachie kusa da Yendi tsakanin Dagomba da Konkomba, wannan karo a kan alade. An rasa rai, an ƙone gidaje, mata da yara suka gudu, waɗanda suka ga 1994 da idonsu kuma suka kwana ba barci. Jami'an tsaro suka shiga, dattawa da shugabannin matasa na kabilun biyu suka fito suna kiran mutanensu su kwantar da hankali. Cikin 'yan kwanaki abin ya lafa, bai ƙetare zuwa Bimbilla ko Salaga ba.